Injiniya Felizardo da Mangwaron Bakin Hanya

A unguwarmu da ke bayan garin Kelimane, inda gari ke ƙarewa gonakin shinkafa su fara, babu wanda bai san Felizardo ba, domin ko ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa. Ya yi 'yan shekaru a tashar jiragen ruwa ta Beira, ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa, da usur a wuya, da labari buhu-buhu. In ji shi, shi ke tuƙa ƙaton injin nan mai ɗaga kaya daga cikin jirgi, kuma wai akwai ranar da ya ɗaga babbar mota da direbanta a ciki yana cin abinci, ya sauke ta ko miya ba ta zube ba. Waɗanda suka je Beira suka gan shi da idonsu sun ce aikinsa ɗaga sandar bakin ƙofa ne in mota za ta shiga, ya sauke in ta wuce. To, ɗagawa dai ɗagawa ce. Mutane suka laƙaba masa Injiniya don tsiya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Guguwar bana ta zo ta yi abin da ta saba, har da ƙari. Gari ya waye rabin unguwa ba rufi, bishiyoyin kwakwa kwance birjik, kaji sun kwana inda ba su taɓa zato ba, kwale-kwalen wani kuma ga shi zaune a tsakiyar filin ƙwallo. Ba a rasa rai ba, aka gode wa Allah. Amma tsohon mangwaron bakin hanya, wanda ya girmi kakan kowa, ya tuge ya kwanta ya tare hanyar shiga unguwa. Saiwoyinsa suka ɗago ƙasa faifai guda, tsaye kamar bangon ɗaki, suka bar wawakeken rami a inda gindin yake.

Mu nan an san abin da ake yi washegarin guguwa: kowa ya fita neman kwanon rufinsa. Mutum ya san fallensa kamar yadda ya san akuyarsa. Ga inda ƙusa ta huda, ga tabon tsatsa, ga baƙin hayaƙin madafa. In ka tsinci wanda ba naka ba sai ka jingina shi a shinge, mai shi ya zo ya gani ya ɗauka. Haka iyaye suka yi, kuma ba a taɓa kai ƙarar kwano wurin mai unguwa ba.

Dona Ermelinda, wato Uwargida Ermelinda matar Felizardo, tun da duku-duku ta fita. Rufin nan da cinikin ƙosai ta haɗa shi, falle bayan falle, don haka ba ta jira kowa ba. Kafin hantsi ta jawo su duka, wasu daga can cikin gonar shinkafa, matsattsaku manne a ƙafafunta. Ta jera su a tsakar gida, ta tarar da maigidan yana goge hular kwanonsa da gefen riga.

Ta ce, "Ga kwano na kawo. Katako bai tafi ba. Saura a hau a buga."

"Ni? Buga ƙusa? Haba Ermelinda, mutumin da ya ɗaga babbar mota da..."

"Da direban a ciki, miya ba ta zube ba. Na sani. Ɗaga kanka ka dubi wajen teku."

Ya duba. Hadari ne ke sake haɗuwa, baƙi wuluk.

Ta ce, "Ruwa zai dawo kafin yamma. Jiya a tsugune na kwana ƙarƙashin tebur da tukunya a kaina. Na rantse da kabarin uwata, in ruwan nan ya sake dukana a cikin gidana, Mokuba zan tafi wurin yayana. Kuma wannan karon da turmina zan tafi."

Felizardo ya daina goge hular. Ta sha yin yaji, amma ba ta taɓa ambatar turmi ba, kuma kowa ya san macen da ta ɗora turminta a kan keke ba ziyara za ta ba. Yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa.

"Ai babu ƙusa," ya ce a hankali. "Iska ta watsar."

"Zan shiga gari in nemo. In dawo in tarar ka jera su a sama."

Ta ɗaura zani ta fita. Shi ma da niyyar alheri ya fita, aron tsani zai je gidan Baba Sulemane, tsohon masunci. Da ƙafarsa ta kai shi can kai tsaye da ba a yi wannan labari ba. Sai dai hanyar ta bi ta gindin mangwaro, inda ya tarar da jama'a cirko-cirko, ana cewa wai motar agaji na zagayawa da sabon kwano, amma ba yadda za ta shigo mana. Nan take usur ɗin wuyansa ya fara yi masa ƙaiƙayi. Ya hango kansa ya buɗe hanya, mota ta shigo, ya miƙa wa Ermelinda rufi sabo fil yana ƙyalli, unguwa na tafi. Me zai sa mutum ya tsaya buga tsohon kwano mai huji?

Ya dare kan gungumen, ya busa usur har karnuka suka amsa.

"Jama'a! Wannan ɗan tsinken ne ya tara ku? A Beira irinsa muke sakace da shi. Ku ba ni hannu, kafin tuwon rana ya nuna mota na tsaye a ƙofar kowa!"

Mana Kiteriya, wato Yaya Kiteriya mai busasshen kifi, wadda harshenta ya fi wuƙarta kaifi, ta ce, "Injiniya, ka zo da injin naka a aljihu ne?"

"Injin yana nan," ya ƙwanƙwasa hularsa. "Amma ku saurara. Aiki sai da tsari. 'Yan gwangwan sun shigo gari da amalanke, duk kwanon da suka gani a jikin shinge sai su yi gaba da shi. In kowa na nan yana jan bishiya, wa zai tsare muku? A Beira ba a barin kaya a warwatse, ma'ajiya ake yi. Ga ta nan kuwa Allah ya haƙa mana." Ya nuna ramin gindin mangwaro. "Ga bango ya tare iska, ga shi a gaban idon kowa. Ɓarawo ya zo mu gani!"

Mutane suka dubi juna. Ba a saba ba. Don ya kashe musu shakka sai ya koma gida ya kinkimo kwanon Ermelinda, sawu bayan sawu, ya jera shi a ƙasan ramin.

Kiteriya ta ce, "Dona Ermelinda ta san ka ɗauko?"

"Wa ke da gida, ni ko ita?"

"A bakin hanya kai ne."

Aka yi dariya, amma abin ya yi aiki. Kowa ya san Ermelinda ba ta wasa da kayanta, aka ɗauka da yawunta aka kawo. In dai kwanonta na cikin rami, ai rami ya tabbata wurin tsira. Kafin ka ce kwabo unguwa ta kwaso nata, aka jibge ɗaya kan ɗaya. Baba Sulemane har da tsaninsa ya sa, wai kada 'yan gwangwan su ɗauka su hau gidan wani.

Dabarar farko ta kekuna ce. Garinmu garin keken haya ne, kuma tun da hanya ta toshe Abudo mai keken haya da yaran tasharsa na zaune ba fasinja. Felizardo ya tara su ya ce, "Abudo, keken nan naka ba shi ke ɗaukar buhunan gawayi da mai gawayin a sama ba?"

"Har da surukarsa, in ta kama."

"To in aka haɗa ƙarfin kekuna duka wuri ɗaya, mene ne bishiya?"

Abudo ya sosa ƙeya, ya ga kamar akwai lissafi a ciki. Aka kwanto igiyoyin komar Baba Sulemane, aka ɗaura a rassan mangwaro, aka ɗaura ɗaya bakin a kariyar kowane keke. Samari suka jeru, suka tofa yawu a hannu. Felizardo ya tsaya a bayansu don ya ga aiki da kyau, ya ɗaga hannu, ya busa usur.

Suka taka. Tayoyin baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya, suna feso taɓo, kuma duk taɓon nan bai san hanyar kowa ba sai ta Injiniya. Ya cika masa baki, ya toshe usur ɗin, ya so ya busa a tsaya sai kumfa ke fitowa. Su kuwa samari da ba su ji usur ba suka ƙara ƙaimi. Tayoyin gaba suka ɗaga sama, mutane suka fara zubewa ta baya. Igiyar Abudo ce ta fara tsinkewa. Ya fita a guje da ƙarfin da ya tara wa bishiya, yana ihu a ba shi hanya, ya ratsa tsakiyar mata, bai tsaya ba sai a kan tabarmar da Kiteriya ta shanya ɗan kifin da ta ƙwato daga bakin guguwa a kai.

"Kifina! Abudo, ɗan banza, guguwa ta bar mini kai ka ƙarasa?"

"Mana, ki yi haƙuri, ba ni da birki!"

"Hankali ne ba ka da shi! Wa ya taɓa ganin an ja mangwaro da keke?"

Baba Sulemane yana tattara guntayen igiyarsa ya ce, "Injiniya, ta matsa kuwa?"

Felizardo ya tofar da taɓo, ya durƙusa ya auna da tafin hannu. "Ta matsa. Ido ba zai gani ba, amma ta matsa. Gwaji ne na yi don in san nauyinta, yanzu na sani."

"Mu ma mun sani," in ji Abudo, yana cire ƙayar kifi daga gashinsa.

Dabara ta biyu wuta ce. Felizardo ya ce tun da ba ta jawuwa a dunƙule, sai a ƙone tsakiyarta ta rabu biyu. Aka tara ɓawon kwakwa ƙarƙashin gungumen, duk a jiƙe, ya tsiyaye kananzir ɗin fitilar Baba Sulemane a kai, ya ƙyasta ashana. Wuta ba ta kama ba, amma hayaƙi kam Allah ya yi yawa da shi. Ya turnuƙe ya shige cikin ganye, mata na tari suna zaginsa. Abin da Injiniya ya manta, ko yaron goye a garin nan bai manta da shi ba: mangwaro gidan jajayen cinnaku ne. Guguwa ta rushe musu gida, sun haƙura. Yanzu ga wani ya zo da hayaƙi. Suka fito runduna guda, suka tarar da mutum durƙushe yana fifita wuta da hular kwano, suka bi ta ƙafar wandonsa.

Da farko ya daure, domin yana cikin bayani ne kan yadda ake ƙona ƙarfe a Beira. Sai muryarsa ta fara siririta. Sai ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai ya yi wani tsalle da ko a gidan rawa ba a taɓa gani ba, yana marin cinyoyinsa. Da abin ya kai inda ba a faɗa, ya kwance ɗamara ya yar da wando a gaban jama'a. Ashe gajeren wandon ciki Ermelinda ce ta ɗinka masa da ragowar zaninta mai manyan furanni.

Kiteriya ta riƙe ciki. "Wayyo Allah! Ai zanin Ista ne! Tare muka saya!"

"Ya fi yi masa kyau," in ji wata.

"Injiniya, wannan ma kayan aikin Beira ne?"

Ya tsunduma cikin kwatar bakin hanya har ƙugu, ya zauna, ruwa na sanyaya masa. Daga can ya ce, "Ku yi ta dariya. Da ban kore su ba wa zai iya hawa bishiyar nan ya yi aiki? Da gangan na yi."

Ya ɗaga kai zai ƙara magana, sai idonsa ya faɗa kan hadari. Ya matso, har iska ta fara kawo ƙamshin ruwa. Turmin Ermelinda ya faɗo masa a rai. Wata murya a zuciyarsa ta ce, tashi ka ɗebi kwanon matarka ka tafi gida, har yanzu da sauran lokaci. Ya miƙe da niyyar yin haka. Sai Kiteriya ta ce, "A bar shi ya tafi, bayin Allah, ya gaji." Shi ke nan ta kashe maganar. Felizardo zai iya jure cizo, ba zai iya jure tausayin Kiteriya ba.

"Wa ya gaji? A kawo zarto!"

Aka aro dogon zarto mai mariƙi biyu daga wurin masu sassaƙa kwale-kwale. Su kuwa mata, da suka ga aikin maza ba ya ƙarewa, suka ɗauko adduna suka shiga saran rassa don itacen girki, kowace na jan nata zuwa gida. Abudo da wani abokinsa suka kama zarto, suka sa shi sama kaɗan da inda gungumen ya fara fitar da rassa, suna ja suna waƙa, gumi na zuba. Wannan karon aiki ya yi kama da aiki. Da ya rage saura ƙiris, Felizardo ya busa usur.

"Ku dakata! Saran ƙarshe na injiniya ne."

Abudo ya ce, "Mu mun yi na jaki, kai za ka yi na ango."

Felizardo ya karɓi gatari, ya hau, da hular kwanonsa da wandonsa mai furanni. Ya zauna daram a kan gungumen, ya harɗe ƙafafunsa a guntun wani reshe, ya juyo ga jama'a, domin ba ya sara sai da wa'azi.

"Ku lura da inda na zauna. Wawa ne ke zama a kan ɓangaren da zai faɗi. Ni a ɓangaren gindi nake. In na sara, kan bishiya ya yi ƙasa, ni ina nan zaune ko hulata ba za ta motsa ba. Wannan shi ake kira ilimi."

Ya sara. Bishiya ta yi wani gurnani daga can cikin saiwoyi.

Baba Sulemane ya ja da baya. "Injiniya, abin nan fa nishi yake yi."

"Nishin sallamawa ne, Baba. Ta san ta gamu da gamonta."

Ya sake sarawa. Kan bishiyar ya rabu, ya zauna a kan hanya inda yake tun farko. Gindin kuwa, da ya ji an sauke masa nauyin da ya danne shi, sai ya tuna gida. Ya fara ɗagowa a hankali. Felizardo ya ga kawunan mutane na yin ƙasa, ya ɗauka durƙusa masa suke yi, har ya buɗe baki zai ce ba komai. Sai abin ya fizga. Gatari ya yi gabas, hula ta yi yamma, Injiniya ya rungume reshe yana kiran sunan uwarsa. Tsohon mangwaro ya miƙe tsaye cak, faifan saiwoyinsa ya koma cikin raminsa, ji kake dim! Ƙasa ta girgiza. Daga ƙarƙashi aka ji wata ƙara mai tsawo, irin ta gwangwani in mota ta taka shi.

Kowa na kallon inda rami yake ɗazu. Babu rami. Sai kunnen falle ɗaya da ya leƙo daga ƙarƙashin saiwa, a murɗe.

Kiteriya ce ta fara samun murya. "Rufina," ta ce. "Jama'a, rufina yana ƙarƙashin can."

"Da nawa!"

"Da na uwata!"

Daga can sama Felizardo ya gyara murya. "Ku kwantar da hankalinku. Ba na ce ɓarawo ba zai taɓa shi ba? To wane ɗan gwangwan ne zai iya..."

Ƙwallon mangwaro ɗanye ya wuce ta gefen kunnensa. Na biyu bai wuce ba.

Abudo ya ce, "Injiniya, hanyar fa? Ga kan bishiya nan kwance inda yake. Ɓangaren da bai tare wa kowa hanya ba shi ka ɗauke!"

"An dasa muku bishiya kyauta, ba godiya? Baba Sulemane, don Allah a kawo tsani."

Tsohon ya nuna ƙarƙashin saiwa da haɓa. "Yana ma'ajiya."

Nan aka fashe, wasu na dariya da hawaye, wasu na zagi da dariya, domin mutumin da guguwa ta kwana tana duka ba ya rasa abin dariya ko a gidan makoki. Aka yanke masa hukunci tun yana sama: shi zai haƙo kwanon da hannunsa, shi zai buge shi ya miƙe, kuma kafin nan shi zai saƙa wa kowane gida rufin ganyen kwakwa irin na kakanni. Yana ta amsawa da to, to, yana neman inda zai sa ƙafa.

Ɗigon farko ya faɗo masa a tsakiyar kai. A lokacin ne kuma ya hango ta. Ermelinda ce tafe ta hanyar gari, ta tsallako rassan, ƙafafunta duk taɓo, ta ƙulle wani abu a bakin zaninta tana riƙe da shi da hannu biyu. Mutane suka dare mata. Ta dubi mijinta a kan bishiya da zanin Istarta a ƙugunsa. Ta dubi kunnen fallen da ya leƙo daga ƙasa. Ta sunkuya ta shafa shi, ta ga tabon tsatsar, ta gane nata ne. Ba ta yi ihu ba. Ta kwance bakin zani, ƙusoshi suka zube a gindin mangwaro, tsofaffi ne da ta bi gida-gida ta roƙo, ta miƙe su da dutse. Ta juya ta nufi gida.

Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Felizardo bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko ɗazu da bishiya ta tashi da shi. Ya saki reshe ya sulalo, ɓawon mangwaro ya kwashi rabonsa a ƙirji da cinya, ya faɗo ya tashi ya bi ta a guje, ruwa na ƙaruwa.

Ya tarar ta ƙulle kayanta a zani, ta mirgino turmi bakin ƙofa. Tana durƙushe a madafa, wadda yanzu sama ce rufinta, tana ƙoƙarin hura gawayi don ta dafa abin da za ta ci kafin ta kama hanya. Ta ƙyasta ashana, ruwa ya kashe. Ta sake, ya kashe.

Felizardo ya buɗe baki. Karo na farko a rayuwarsa bai sami komai a ciki ba. Ya waiga, ya ga ƙyauren madafa da guguwa ta cire yana yashe a tsakar gida. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗora a ka, ya zo ya tsaya a kanta ya buɗe ƙafafu, ya riƙe shi da hannu biyu. Ruwa ya koma dukan katako. Ashana ta kama.

Ba ta ɗago ba. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta kankare kwakwa, ta wanke shinkafa. Can ta ce, "Matsa hagu."

Ya matsa.

"Ɗigo ɗaya ya faɗa cikin tukunyar nan, Mokuba."

"Ba zai faɗa ba. Ai a Beira ma..."

"Rufi ba ya magana."

Ruwa na bin hannayensa yana gangarawa hammata, cizon cinnaka na ƙaiƙayi ba halin sosawa, wuya ya ƙage. Maƙwabta suka taru a bakin shinge, wasu da ganyen ayaba a ka, wasu da bahon wanki, suna kallon ikon Allah. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Amma ta wutsiyar ido Felizardo ya ga ta miƙa hannu ta kwance ƙullin kayanta, ta zaro kwanon cin abinci. Guda biyu ta zaro. Ya ƙara ɗaga ƙyauren sama.

Kiteriya ta leƙo ta kan shinge da kaskon gawayinta a hannu. "Dona Ermelinda, in kin gama ki ara mini rufin nan. Ai duk unguwa muna da haƙƙi a kansa, ni ma ban ɗora tukunya ba."

Ermelinda ta juya shinkafa, ta ɗanɗana gishiri, ta mayar da murfi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi abin da ke tsaye a kanta yana karkarwa.

"Ki yi haƙuri, Kiteriya, ba na ba da aronsa," ta ce. "Tsoho ne, a karkace yake, kuma yana yoyo ta baki. Amma duk abin da na mallaka, shi kaɗai iska ta kasa ɗauka."